Tela Mai Awon Rijiya

Ranar da aka zauna rubuta tarihin ruwan ƙarƙashin ƙasa, dole a ware wa Tela babi guda. Shi ne mutumin da ya tsaya tsakanin unguwa sukutum da ƙishirwa, shi kaɗai, ba lauya, ba ɗan sanda. Haka ake faɗa a shagon aski, haka ake faɗa a rumfar mai gyaran babur, shi kansa ma in an matsa masa ba ya musawa da ƙarfi. A zahiri dai aikinsa shi ne ya zura tef a rijiya, ya jira ya ji ƙara, ya karanta lamba.

A gidan da yake ciki aka haife shi, gida mai ɗaki uku da tsakar gida mai faɗi, da rijiya a kusurwar gabas. Mahaifinsa ne ya haƙa rijiyar da hannunsa, shi da abokansa biyu, kuma har ya bar duniya bai daina ba da labarin ranar da suka cim ma ruwa ba. A kowane zama rijiyar takan ƙara zurfi kaɗan a labarin, abokan kuma su ƙara lalaci. Tela ya tashi da ruwan nan, ya yi aure da shi, ya yi wa 'ya'yansa wankan farko da shi. 'Ya'yan duk sun watse neman abinci, ruwan ne bai je ko'ina ba.

Ɗinki ya koya tun yana saurayi, ya mai da ɗakin ƙofar gida shago. Ba a taɓa cewa ɗinkinsa ya fi na kowa kyau ba, amma awonsa ba a ja da shi. Ba ya karɓar maganar mutum a kan ƙugunsa. Ko ka rantse masa cewa ba ka ƙara ƙiba ba tun bara, zai ce, "Na yarda, ɗaga hannu." Ya zagaya ka da tef, ya karanta lambar da ƙarfi yadda na waje za su ji. Ya yi asarar masu kawo ɗinki da dama ta wannan hanya, yawancinsu manyan mutane.

Daga baya abubuwa biyu suka haɗu suka rufe shagon. Kasuwa ta cika da riguna ɗinkakku masu araha, ido kuma ya fara yi masa gardama da kafar allura. Lambar tef yana ganinta tar, zare ne ya ƙi shiga. Sai ya lulluɓe keken ɗinki da tsohon zane, ya ɗora rediyo a kai.

Tun daga nan gidan ya koma kan matarsa. Ita kuwa tana rainon dashe a tsakar gida, cikin baƙaƙen ledoji da take jerawa sahu-sahu: mangwaro, gwaiba, lemo, da furannin da masu sababbin gidaje ke saye su kashe cikin wata guda su dawo su sake saye. Safe da yamma tana bakin rijiya da guga. Tela yakan zauna a ƙofar gida, in mai saye ya zo ya faɗa masa farashi, sannan ya kira ta ta faɗi na gaskiya. Wannan matsayi shi yake kira kula da harkokin waje.

A bayan unguwar akwai dutse, babba, baƙi, wanda ba a san shi da wani amfani ba sai shanya da kiwon awaki. Wata rana wani kamfani ya hango tsakuwa a cikinsa. Kafin a ba shi izinin fasawa, doka ta ce sai an san yadda ruwan ƙasa yake a kewayen, domin in an fara aiki ruwa ya gudu a san daga ina ya tashi. Kamfanin ya haƙa ramuka uku siraru a gindin dutsen, ya sa musu bututun ƙarfe da murfi da kwaɗo. Sannan ya turo injiniya ta zaɓi wasu rijiyoyin gidaje da za a riƙa aunawa tare da su.

Injiniyar yarinya ce, sa'ar 'yar Tela ta biyu, mai manyan takalma da haƙurin wanda ya saba bayani ɗaya sau goma. Ta tara mutane a wani aji na makarantar unguwa, manya suka takure a kan bencin yara, ta ce tana neman wanda zai riƙa yin awo sau biyu a wata, wanda ya iya karanta tef, kuma ba ya ƙari ba ya ragi don a ji daɗi. Duk ajin ya juya ya kalli Tela, har da waɗanda suka daina gaishe shi saboda ƙugunsu.

A rijiyar gidansa ta koya masa aikin. Tef ne dogo a naɗe a kan faifai mai mariƙi, da ɗan ƙarfe a bakinsa wanda da ya taɓa ruwa sai ya yi tsuwa. Ta fito da gwangwanin jan fenti ta ja gajeren layi a leɓen rijiyar, sannan ta zauna a kan bakin ta ɗora takarda a cinya.

"Baba, ka ga wannan jan layin? Daga nan za ka riƙa karantawa kullum. Ba daga gefe ba, ba daga inda inuwa take ba."

"'Yata, ni kike koya wa? Kafin a haife ki nake auna mutane daga kafaɗa."

"To, wannan ita ce kafaɗar rijiya."

Maganar ta shige shi sosai. Ta ƙara da cewa ya riƙa turo mata lambobin ta waya, kada ya fassara su, kada kuma ya riƙa faɗa wa mutane, don lamba ɗaya ba labari ba ce, sai an tara na shekara ake gane bakin zaren. Ta ɗauki hoton rijiyar, ta zagaya sauran gidajen da ta zaɓa, na mai burodi, na direba, na tsohuwar nas da wasu, ta ja wa kowace jan layinta, ta ba shi makullin ramukan kamfani don ya riƙa auna su ma, ta shiga mota ta tafi.

Hoton nan ne ya tsaya wa matar Tela a rai.

"Malam, ka ga abin da yarinyar nan ta ɗauka? Bakin rijiya duk giɓi kamar haƙoran kakata. Kuma ofis za a kai shi, manya su gani."

"Ruwa suke dubawa, ba baki ba."

"Kai ma da kana ɗinki ai tsiraici kake rufewa, amma ba ka bar aljihu a karkace ba."

Ba ta jira amsarsa ba ta aika wa ƙanenta magini. Shi kuwa magini tun ranar ɗaurin auren yayarsa bai taɓa yi wa Tela magana ba tare da tsokana ba. Ya iso da bulo a baro yana kirari tun daga ƙofa.

"Ina Yallaɓai Injiniya? A ce masa ga talaka ya zo aiki!"

"Shigo, sarkin cin siminti. Buhu nawa za ka ce ya ƙare yau?"

"Mijin Yaya, kai da ka yi shekara talatin kana mai da ragowar yadin mutane matashin kai?"

Ya gyara giɓin, ya ɗora sahun bulo ɗaya a kai don rijiyar ta yi kwarjini. Da ya zo shafe sai ya tsaya da cokalin gini a hannu.

"Wannan jan layin fa? Siminti zai rufe shi."

Tela ya miƙe tsaye. "Kada ka kuskura ka ɓatar da shi. Duk aikin nan a kansa yake."

Magini mutum ne mai wasa da baki, amma ba ya wasa da aiki. Ya ɗaura ƙusa a zare, ya sake ta ta yi lilo har ta tsaya cak a kan tsohon layin, sannan ya sayo jan fenti da kuɗinsa ya ja sabo a saman sabon bulo, daidai saitin na farko, ko gashi bai kauce ba. Tela ya duba ta hagu, ya duba ta dama, ya ce a karon farko a rayuwarsa, "Ka iya."

Matar mai burodi ta shigo sayen gwaiba ta ga rijiyar. Ta daɗe tana zaɓen gwaiba. Kafin mako ya zagayo magini yana gidanta. Daga nan gidan direba, inda aka ce a ɗora sahu biyu. Tsohuwar nas ta ce ita tun da can tana da niyya saboda jikoki. Har gidajen da ba a zaɓi rijiyarsu ba suka shiga, ko da injiniya za ta sake tunani. A duk inda akwai jan layi, magini ya tashe shi sama da zarensa da ƙusarsa, bisa umarnin hukuma, wato Tela.

A daidai wannan lokaci ne kamfani ya kawo wata ƙatuwar na'ura kan dutsen tana huda shi don a ɗebi samfuri. Tun safe take gurnani, kofuna na rawa a kan tire. Damina kuma ta ɗauke. Da ranar awo ta zo, Tela ya zura tef a rijiyarsa, ya ji tsuwa, ya manna tef a jan layi, ya karanta. Ya naɗe, ya goge tabarau, ya sake zurawa. Ruwa ya yi ƙasa da kusan taƙi guda.

Kada a yi masa rashin adalci. Ya san an ɗora bulo, a gabansa aka ɗora, shi ya riƙe bokitin ruwan kwaɓi. Amma a sana'arsa ta dā kafaɗa ba ta tashi daga inda Allah ya ajiye ta. Yara ne kaɗai ke girma tsakanin awo da awo, su kuwa yakan bar musu rara a kalmasa. Ba wanda ya taɓa ce masa rijiya na cikin masu girma. Ga na'ura tana gurnani a kan dutse, ga lamba ta ƙaru. Ya haɗa biyun da suka fi kusa da juna.

A awo na gaba rijiyar mai burodi ta sauka taƙi guda. Ta direba ta sauka biyu a tashi ɗaya. Ramukan kamfani uku kuwa, masu murfi da kwaɗo, da ƙyar suka motsa. Tela ya tsaya a gindin dutsen da makulli a hannu ya gane komai: na kamfani na cike, na talakawa na tsiyayewa. Ba sai an kira malamin lissafi ba.

Ya tura lambobin kamar yadda aka umarce shi. Amsa ta zo: "Na gani, Baba, na gode." Wata na gaba ma haka, kalma ba ta canza ba. Bai san an tura injiniya wani aiki a nesa ba, lambobinsa kuma suna taruwa a kwamfuta suna jiran ta dawo. Shi dai ya ɗauka irin amsar da likita ke bayarwa ce in ciwo ya wuce magani.

An ce kada ya faɗa, bai faɗa ba. In mutane suka tare shi da faifan tef a kafaɗa suka ce, "Injiniya, yaya ruwa?" sai ya ce, "Ana kan bincike." Amma a gida ya canza. Ya rage wankansa zuwa rabin bokiti. Ya riƙa bin matarsa da ido tana ban ruwa, kowane guga kamar daga jijiyarsa ake jan shi.

"Wannan lemon ai kin ba shi ɗazu."

"Wancan na ba. Tun yaushe ka san 'ya'yana da fuska?"

"Ruwa ba abin wasa ba ne."

"Malam, in wanka ne ba ka so, ka faɗa kai tsaye, kada ka laɓe a bayan lemo."

Ana cikin haka ta ji labarin sahu biyu na gidan direba, ta sake kiran ƙanenta. Aka ƙara sahu, aka bi da farin tayil. Ruwan gidan Tela ya sake faɗuwa taƙi guda da ɗan ɗori. Tela ya yi lissafi irin na tela: in haka za a ci gaba, kafin damina ta dawo guga zai riƙa dawowa da laka. Ba rijiya, ba dashe. Ba dashe, ba abin da zai riƙe gidan, sai su kwashi tsufansu su je su zauna a falon ɗaya daga cikin 'ya'ya suna kallon suruka tana kallonsu.

Akwai dillali a unguwar, mai babur da hula a karkace, wanda ke jin ƙamshin damuwa tun daga bakin titi. Ya tsaya a ƙofar gida wata yamma, ya zauna a bencin ba a ce ya zauna ba.

"Baba Tela, ka rame."

"Azumin nafila nake."

"Allah ya karɓa. Ni dai ban tambaye ka lamba ba, na san amana ce. Amma mutum ba ya dawowa daga bakin rijiya da fuska irin taka in labari mai daɗi ne." Ya matso. "Akwai wani mai manyan motoci, yana neman fili kusa da dutse, inda za su riƙa kwana in an fara ɗibar tsakuwa. Tsakar gidanka ta yi masa. Yanzu gida ne mai rijiya. In magana ta fita, gida ne mai rami."

"Ba zan sayar wa mutum rijiyar da na san halinta ba."

"Wa ya ce yana son rijiya? Cike ta zai yi ya zuba kankare."

Wannan ya kamata ya kwantar wa Tela da hankali, tunda ba wanda za a cuta. Sai ya ji kamar an ce za a zuba kankaren a bakin mahaifinsa. Ya ce zai yi tunani. Ya yi tunani har awo na gaba, inda ya tarar ta tsohuwar nas, wadda ita kaɗai ta rage yana jingina da ita, ita ma ta bi sahu. Ya kira dillali ya ce ya zo da shaidu ranar Asabar.

Saura matarsa. Ya same ta a tsugune tana aurar da mangwaro, ta fere reshen mai daɗi ta manna a jikin na gida tana naɗewa da leda. Ya tsaya a kanta ya yi gyaran murya.

"Da a ce mutum zai koma wani wuri, wurin da akwai famfo..."

"Sai ya koma, ya riƙa kawo mana ziyara. Miƙo min wuƙar can."

Ya miƙa mata wuƙar. Ya yanke shawarar zai faɗa mata ranar Juma'a. Ranar Juma'a ya ga ai Asabar da safe ta fi, kafin su iso.

Asabar da safe, kafin ya gama tattara kalmomin, mota ta tsaya a ƙofar gida. Ba dillali ba ne. Injiniya ce ta fito da manyan takalmanta, da takarda ɗaya a hannu. Ga likita ya zo da kansa.

Bayan gaisuwa ta ce, "Baba, na dawo jiya na buɗe lambobinka. Sun yi kyau da yawa."

"Faɗi kawai, 'yata. Na shirya."

"Ruwan ƙasa in zai sauka, gangarowa yake a hankali, kamar tudu. Naka kuwa matakalar bene yake bi. Ya tsaya, ya diro, ya tsaya. Kuma kowace dirowa tsawonta ɗaya ne ko ninkinsa, a gida daban-daban, a mako daban-daban. Ni ban taɓa ganin ruwa mai tarbiyya haka ba. Mu je in ga rijiyar."

Matar Tela ta riga su isa, tana goge tayil da gefen zane. Watanni take jiran wannan rana.

"Sannu da zuwa, 'yar nan. Yau kam sai ki sake hoton, a cire wancan."

Injiniya ta juya baya za ta zauna a bakin rijiyar kamar wancan karon, sai ta ji bakin ya dafa ta a tsakiyar baya. Ta juyo. Ta kalli tayil. Ta kalli jan layi, sabo fil, yana sheƙi. Ta sunkuya ta bi sahun bulo da yatsa daga sama zuwa inda tsohon gini ya fara. Ta daɗe a sunkuye, kafaɗunta na rawa.

"Baba," ta ce, "wa ya ja wannan layin?"

Magini ya shigo a daidai lokacin, ya ji an zo da mota ya biyo ko akwai aiki. Ya dafa ƙirji.

"Ni ne, ranki ya daɗe. Da zare da ƙusa. Ki auna, in ya kauce da gashi ɗaya kada a biya ni. Duk gidajen haka na yi musu. Mijin Yaya ne ya ce duk aikin a kansa yake."

Injiniya ta zauna a kan wani juyayyen bokiti ta yi dariya har ta cire hula. Da ta samu numfashi ta ce laifinta ne, ta ce a riƙa awo daga layi, ba ta ce kada a ɗaga layin ba, domin a makaranta ba a kawo musu babin ba. Ta karɓi tef ta auna daga sabon layi zuwa tsohon gini. Ta zura shi rijiya, ya yi tsuwa, ta karanta, ta ɗebe wancan daga wannan a bayan takardarta. Sannan ta ɗaga yatsu biyu a haɗe.

"Ga abin da ruwanka ya ragu. Na rani ne. Ramukanmu ma haka suka yi."

Tela ya kalli yatsun. Ya kalli bulo. A hankali, kamar mai warware ɗinkin da ya yi a bai-bai, abin ya buɗe masa daga farko har ƙarshe, ya ga bokitin kwaɓi a hannunsa. Ya nemi kunya a ransa, ya san tana nan, amma ba ta samu wurin tsayawa ba, wani abu mai sanyi ya riga ya cika ko'ina. Ya zauna a ƙasa tsakanin ledojin gwaiba.

"Kenan dutsen ba zai sha ruwan ba?"

"Ban ce ba, Baba. Ba a fara fasawa ba tukuna, ba a ma ba da izini ba. In an fara ya taɓa ruwa, lambobinka ne za su tsaya muku. Shi ya sa nake son su zama na ruwa, ba na magini ba."

"Yau dai yana nan?"

"Yau yana nan."

Tela bai nemi fiye da haka ba. Mutumin da ya yi watanni yana binne rijiya a zuciyarsa, yau ɗin nan ta ishe shi.

Sallama aka yi a ƙofa. Dillali ne da shaidu biyu cikin manyan riguna, ɗaya riƙe da biro tun daga waje.

"Baba Tela, ga mu. Mai motoci ya ce a gaishe ka, ya ce in da hali a kwashe shuke-shuken nan kafin ƙarshen wata."

Matar Tela ta ajiye gefen zanen da take goge tayil. "A kwashe me?"

"Au, Mama ba ta sani ba? Maganar gidan ce."

"Gidan wa?"

Mai riƙe da biro ya mai da shi aljihu. Magini ya ja da baya ya jingina da bango, da fuskar wanda aka ba kujerar gaba a wurin kallo kyauta.

Tela ya tashi ya kakkaɓe rigarsa. Ya ce wa dillali an fasa, ya ba shi haƙurin wahalar da shaidu. Dillali ya fara bayanin cewa magana ta riga ta yi nisa, sai matar Tela ta tako zuwa gabansa, bayanin ya gajarce. Kafin su fita ta sayar wa kowane shaida gwaiba ɗaya, a farashin da Tela ke faɗa a ƙofa, ba wanda ya nemi ragi.

Sannan ta juyo kan mijinta.

"Wato da yau sai in wayi gari a gidan mai motoci."

"Don ke na yi. Na ga ruwa na tafiya..."

"Ka ga ruwa na tafiya. Ni da nake cikinsa safe da yamma ba ka tambaye ni ba, dillali ka tambaya. Wannan ne rabin bokitin?"

"Shi ne."

"To, Allah ya kyauta. Ni na ɗauka tsufa ne ya fara taɓa ka, har na faɗa wa yara su shirya." Ta ɗauki guga ta cika bokiti biyu har suna zuba, ta dire a gabansa. "Je ka yi wanka. Mun yi haƙuri da kai iya haƙuri."

"Yaya, a ƙara masa na uku," in ji magini. "Bashin watanni ne."

Ranar injiniya ta zagaya duk gidajen da Tela a bayanta, gashinsa da danshi, yana riƙe da faifan tef. A kowace rijiya ta ɗebe tsawon bulo, a kowace rijiya yatsu biyu suka rage, wani wuri uku. Ta sa magini ya kafa guntun ƙarfe a cikin kankare a gindin kowacce, daidai da ƙasa, inda ba mai sha'awar yi wa ado, ta ce duk wanda zai ƙara gini ya ƙara, amma a auna daga ƙarfen zuwa baki a turo mata. Mutane dai abin da suka gani shi ne Tela ya shiga gida-gida da 'yar kamfani, tana rubutu yana tsaye a kanta, da yamma kuma aka ce ruwa lafiya. Kafin labarin ya kai shagon aski ya zama Tela ne ya ƙwace makullin, ya tsare ta, ya ce a dawo da ruwan mutane.

Yana nan yana awonsa sau biyu a wata. Yanzu kafin ya zura tef yakan zagaya rijiya ya dube ta sama da ƙasa, yadda yakan dubi yaron da aka kawo masa bayan shekara guda. Ya koma cin abinci da kyau, har matarsa ta saki masa wando a ƙugu, bai yarda an karanta lambar da ƙarfi ba.

Da shekara ta cika rahoton injiniya ya fito, mai kauri, da zane-zane masu launi da sabon hoton rijiyar a shafi na tara. Ya ce ruwan ƙasa a kewayen dutsen yana sauka kaɗan da rani, yana hawa da damina, kamar yadda ya saba. Canji ɗaya tak aka samu a harkar ruwan unguwar tun zuwan kamfani, shi kuwa ba ya cikin rahoton. Matar Tela ba doguwa ba ce, yanzu sai ta taka benci take jan ruwa.